Auna Takardun Jagorar Manhajojin Aikin Kashi-Kashi Domin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Takardun jagora su ne rubuce-rubucen da masu ƙera manhaja ke fitarwa tare da ita, don bayyana abin da take yi, da yadda ake ba ta umarni, da abin da ke biyo baya idan an ba ta. Auna ingancinsu tsohon aiki ne a fannin ƙera manhaja, amma ya ɗauki sabon salo tun daga 2023, shekarar da aka fara sakar wa samfuran harshe na ƙirƙirarriyar basira mara su kira manhajoji da kansu. Tsarin da samfuri ke karanta jagora, ya zaɓi kayan aiki, ya ba da umarni, ya duba sakamako, sannan ya yanke abin da zai yi gaba, shi ake kira wakili.

Wannan maƙala ta tsaya ne kan rukuni guda na kayan aiki: manhajojin da ke sarrafa bayanai kashi-kashi, wato waɗanda ke jira bayanai su taru sannan su bi ta kansu a zama ɗaya, galibi cikin dare, ba tare da wani na zaune yana kallo ba. A wannan rukuni, kyawun rubutu da tsarin shafi ba su isa shaidar inganci ba. Abin da ake aunawa shi ne abin da wakili ya aikata bayan ya karanta, musamman a daren da aiki ya katse a tsakiya, ko aka tayar da shi sau biyu, ko aka sabunta manhajar ba tare da wakilin ya sani ba.

Asali

Aikin kashi-kashi ya girmi kwamfutar zamani. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi amfani da injinan Herman Hollerith, masu karanta katunan da aka huda bayan an tara su. Manyan kwamfutocin IBM na shekarun 1960 sun gaji tsarin: a miƙa tulin katuna ga ma'aikacin ɗakin kwamfuta, a dawo bayan sa'o'i a karɓi sakamako. Unix ta zo da cron, ƙaramar manhajar da ke tayar da aiki idan lokacinsa ya yi. A 2004 Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na Google suka wallafa bayanin MapReduce, hanyar raba babban aiki a kan kwamfutoci masu yawa. Hadoop ta biyo baya a 2006, sai Spark da Matei Zaharia ya faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2009, sai Airflow da Maxime Beauchemin ya rubuta a kamfanin Airbnb a 2014, don tsara jerin ayyukan da wani ke jiran wani. Da ire-iren waɗannan kayan ake lissafin albashin ƙarshen wata, da daidaita asusun banki bayan an tashi aiki, da haɗa sakamakon jarrabawa.

Abin da ya bambanta wannan aiki da wanda mutum ke yi yana kallon allo shi ne kuskurensa yana yaɗuwa kafin a gan shi. A watan Yunin 2012 ma'aikatan rukunin bankin RBS na Birtaniya suka sabunta manhajar da ke tsara ayyukan dare. Da matsala ta ɓullo sai suka janye sabuntawar ba tare da sun gwada abin da janyewar za ta haifar ba, alhali sabuwar sigar da tsohuwar ba sa jituwa. Ayyukan dare suka cushe, abin ya shafi masu ajiya miliyan 6.5, wasu na Ulster Bank, ɗaya daga bankunan rukunin, suka yi makonni asusunsu bai daidaita ba. A watan Nuwamban 2014 hukumomin kula da harkar kuɗi suka ci bankunan tarar fam miliyan 56. Babu wakilin ƙirƙirarriyar basira a wannan labari, amma tambayar da ta kayar da su, wato me zai faru idan aka koma baya, tana cikin tambayoyin da jagora mai inganci ke amsawa.

Ita kanta jagorar tana da tarihi. Littafin jagorar Unix na farko, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar a Nuwamban 1971, ya ware wa shafukan umarni gurbin da ake faɗin lahanin da aka san umarnin na da shi. Wannan gaskiya ta masu ƙira har yau ba kowa ke kai ta ba. A 2015 Gias Uddin da Martin Robillard na Jami'ar McGill da ke Kanada suka wallafa binciken da suka tambayi ƙwararru 323 game da gazawar takardun jagora. Matsaloli uku suka fi tsanani: magana mai harshen damo, bayanin da bai cika ba, da bayanin da ba daidai ba. Mutane aka tambaya, amma ukun nan su ne dai ke jefa wakili cikin rami.

Sabon mai karatu

Injiniyan da jagora ta rikita yana da mafita. Zai leƙa teburin abokin aiki, ko ya jira gari ya waye, ko gabansa ya faɗi idan ya ga umarnin da ke share abu ya dakata. Wakilin da aka bar wa aikin dare kamar ɗan aiken da aka tura kasuwa mai nisa ne da 'yar takarda a hannu: duk abin da takardar ba ta faɗa ba, da zato zai cike shi, don babu halin komowa gida a tambaya. Zaton nasa kuwa ba daga iska yake zuwa ba. Yana fitowa ne daga ɗimbin rubutun da aka horar da samfurin a kai, inda misalan 2017 da na 2023 suke cakuɗe, kuma tsofaffin sukan fi yawa saboda sun fi daɗewa ana kwafarsu. Shi ya sa shirun jagora ya fi haɗari ga wakili: yana cike shi da amsar da ta taɓa zama gaskiya, cikin natsuwar wanda ya sani.

Akwai kuma iyakar abin da samfuri ke iya riƙewa a zama ɗaya, kuma kowane gutsuren rubutu da ya karanta kuɗi ne. Binciken da Nelson Liu na Jami'ar Stanford da abokansa suka fitar a 2023 ya nuna samfuran lokacin sun fi amfana da abin da ke farko ko ƙarshen dogon rubutu, suna sakaci da na tsakiya. Gargaɗin da aka binne a sakin layi na arba'in yana iya zama kamar ba a rubuta shi ba. Idan kuma aka mai da shafin intanet rubutu zalla kafin a miƙa wa wakili, abin da ke cikin hoton allo, ko akwatin gargaɗi mai launi, ko ɓangaren da sai an latsa yake buɗewa, yakan salwanta a hanya.

Duk da haka jagora ita ce babban makamin wakili. Cheng-Yu Hsieh da abokansa sun nuna a 2023 cewa samfurin da aka bai wa bayanin kayan aiki kaɗai, ba tare da misalan yadda ake amfani da su ba, yana iya kamo wanda aka bai wa misalan. A shekarar dai aikin Gorilla na Berkeley ya nuna cewa haɗa samfuri da manhajar da ke zaƙulo masa shafin jagorar da ya dace yana rage ƙagen umarnin da babu shi, kuma yana taimaka masa ya bi sauyin da aka yi wa jagorar bayan horo.

Abubuwan da ake dubawa

Tambayar farko da mai awo ke kai wa takarda ita ce: idan aka sake tayar da wannan aiki, me zai faru? Aikin dare yakan katse saboda ɗaukewar wuta, ko yankewar intanet, ko cikar ma'aji, kuma abin da wakili ke fara yi shi ne ya sake gwadawa. Wani aikin ko sau goma aka maimaita shi sakamakon ɗaya ne. Wani kuwa zai ninka layuka a rumbun bayanai, ko ya biya ma'aikaci albashi sau biyu. Kamfanin Stripe, alal misali, ya tanadi mabuɗin da ake liƙa wa kowace buƙatar biyan kuɗi don kada maimaici ya zama biya na biyu, kuma jagorarsa ta faɗi hakan a fili. Jagorar da ba ta ce komai a kan maimaici ba ta faɗi a wannan mataki, komai kyan sauran shafukanta.

Tambaya ta biyu ta shafi saitin da manhaja ke zuwa da shi, wanda ke aiki idan ba a ce mata komai ba. A nan gizo ke saƙar, kuma Spark ta isa misali. A ce kamfani na da babbar jakar bayanan ciniki na shekara uku, an rarraba ta kwana-kwana, kowace rana da ƙaramar jakarta. Aka umarci wakili ya gyara bayanan jiya kawai. Ya tace layukan jiya, ya gyara su, ya mayar da su babbar jakar da umarnin overwrite. Abin da hankali ke tsammani shi ne a maye gurbin jakar jiya, a bar sauran. Amma a saitin asali, mai suna static, umarnin na share duk abin da ke ƙarƙashin babbar jakar kafin ya rubuta sabon, sai a wayi gari da bayanan kwana ɗaya a inda na shekara uku suke. Tun siga ta 2.3 akwai saitin dynamic, wanda ke taɓa ranakun da ke cikin sabon rubutun kaɗai. Bambancin biyun yana rubuce a takardun Spark, a dogon jerin saituna, ƙarƙashin sunan partitionOverwriteMode. Wannan ne ya sa mai awo ba ya tsayawa kan ko gaskiyar tana cikin takarda. Yana duba nisan da ke tsakanin gargaɗi da umarnin da gargaɗin ya shafa, domin wakilin da ya buɗe shafin rubutawa kaɗai ba lallai ya taɓa isa shafin saituna ba.

Airflow tana da nata tarkon. A sigoginta na 2, idan aka kunna sabon jerin ayyuka na kullum wanda aka sa ranar farawarsa shekara guda da ta wuce, manhajar za ta ɗauka ana bin ta bashin duk ranakun da suka shige, ta jera ayyuka 365 ta fara yi. Saitin catchup ne ke jawo haka, kuma a kunne yake zuwa. Sai a siga ta 3.0, wadda ta fito a Afrilun 2025, aka mai da shi a kashe. Ga kuma sunan execution_date, wanda ya rikita mutane shekara da shekaru. Mai karatu zai ɗauka ranar da aiki ya tashi ake nufi, alhali ranar da bayanan suka shafa ce: aikin 1 ga Janairu sai ranar ta ƙare yake tashi, wato da shigowar 2 ga wata. Masu Airflow sun fara janye sunan a siga ta 2.2 a 2021, suka kawo logical_date, suka cire tsohon a ta 3.0. Darasin da masu awo suka ɗauka shi ne sunan gurbin umarni shi ma jagora ne, kuma shi wakili ke fara karantawa. Sakin layi uku na bayani da ƙyar suke gyara ɓarnar suna ɗaya mai ɓatarwa.

Ba dole ne ɗabi'a mai ban mamaki ta zama tarko ba. A cron, idan aka cike gurbin ranar wata da na ranar mako duka biyu, aiki yana tashi idan ɗaya daga cikinsu ya dace, ba sai duka ba. Wanda ya rubuta 13 da Juma'a yana nufin Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata zai samu aiki a kowace Juma'a da kuma kowane 13 ga wata. Shafin jagorar crontab ya faɗi wannan a daidai inda ake bayanin guraben, har da misali. Haka ake so.

Sai batun siga. Manhajar pandas ta yi shelar janye umarnin append na haɗa tebur a siga ta 1.4 a farkon 2022, ta cire shi a ta 2.0 a Afrilun 2023, amma tsofaffin misalai sun cika intanet, don haka samfuran harshe sun ci gaba da rubuta shi. Wannan mai sauƙi ne, domin manhajar za ta tsaya ta yi ƙorafi. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne sauyin ɗabi'a a ƙarƙashin suna ɗaya. Kafin Spark 4.0 ta 2025, raba lamba da sifili a tambayar SQL yakan ba da gurbi fanko aiki ya wuce. Daga 4.0, da aka kunna tsarin ANSI tun asali, aikin tsayawa yake yi da kuskure. Umarni ɗaya, sakamako biyu. Mai awo yana duba ko kowane shafi na ɗauke da lambar sigarsa a cikin rubutun kansa, ko an rubuta sigar da kowane saiti ya shigo, ko kuma akwai jagorar ƙaura da ta jera abin da ya sauya. Takardun Spark suna da kyakkyawar al'ada a nan: jerin saitunanta na da ginshiƙin da ke nuna sigar da kowanne ya fara, kuma kowace babbar fitowa na zuwa da jagorar ƙaura.

Aikin kashi-kashi ba ya ƙarewa da nasara ko faɗuwa kawai. Sau da yawa rabi ya yi, rabi bai yi ba. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira su ma suna sayar da irin wannan hidima: OpenAI ya buɗe tasa a Afrilun 2024, Anthropic a Oktoban shekarar, dukansu a rabin farashi, da wa'adin sa'o'i 24. Takardun biyun sun yi gargaɗin cewa amsoshi ba lallai su dawo a jeren da aka aika buƙatu ba, don haka sai a haɗa kowace amsa da buƙatarta ta lambar custom_id. Wakilin da bai ga wannan layi ba zai jera amsa ta farko da tambaya ta farko, ya liƙa wa mutane bayanan da ba nasu ba, kuma babu saƙon kuskuren da zai fito. Jagorar Anthropic ta kuma lissafa halaye huɗu da kowace buƙata ke iya ƙarewa a ciki: ta yi nasara, ta sami kuskure, an soke ta, ko wa'adinta ya ƙare. Ƙarewar kashi ba ta nufin duk abin da ke cikinsa ya yi.

Mafi munin gazawa ita ce wadda ba ta da sauti. Daga 25 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoban 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona daga rahotanninta na kullum. Ana zuba sakamakon ɗakunan gwaji ne a tsohon fayil na Excel mai ƙarewa da XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, kuma abin da ya haura ya zube ba tare da an ankara ba. Iyakar ba ɓoyayya ba ce. Abin da aka rasa shi ne sanin abin da tsarin ke yi idan an kai ta. Saboda haka faɗin iyaka rabin aiki ne a wurin mai awo. Sauran rabin shi ne faɗin ko manhajar za ta tsaya, ko ta yi gargaɗi, ko ta yanke ta yi shiru.

Na ƙarshe a wannan sashe shi ne siffar bayanan kansu, kuma a nan batun ya taɓa masu aiki da bayanan ƙasar Hausa kai tsaye. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna cikin Unicode, amma babu su a tsoffin tsare-tsaren Latin-1 da Windows-1252. Manhajar da ba ta faɗi tsarin haruffan da take ɗauka ba tana iya mai da Ɗanladi ko Ƙofar Mata alamomin tambaya a layi dubu ɗari lokaci guda. A Najeriya ana rubuta 'y da waƙafin sama, a Nijar da ƴ, kuma waƙafin saman shi ne alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi. Lambobin waya na Najeriya suna farawa da sifili, haka wasu lambobin asusun banki masu lamba goma, kuma pandas idan aka bar ta ta yi hasashen nau'in ginshiƙi za ta ɗauke su lambobin lissafi ta zubar da sifilin. Ita ce kuma ke karanta NA a matsayin gurbi fanko, alhali lambar ƙasar Namibiya ke nan. Agogo ma haka: Airflow tana lissafi da UTC tun asali, Kano da Maraɗi kuwa suna gaba da sa'a ɗaya, don haka cinikin ƙarfe sha biyu da rabi na daren 1 ga wata yana iya faɗawa lissafin watan da ya wuce. Masu rubuta jagora a Amurka da Turai ba safai suke kawo irin waɗannan misalai ba, kuma mai awon da ya san inda za a yi amfani da manhajar ya kamata ya sa su cikin gwajinsa da gangan.

Hanyoyin awo

Hanya mafi tsufa ita ce ƙwararre ya karanta da jerin tambayoyi a hannu. Tsarin Diátaxis na Daniele Procida, wanda kamfanin Canonical ke bi, ya raba jagora gida huɗu: darasin mai koyo, matakan warware wata buƙata, kundin bayanin kowane umarni, da sharhin dalilai. Wakili ya fi dogara da na biyu da na uku. Ana kuma duba ko takarda na bambanta dole da mustahabbi da halas, kamar yadda RFC 2119 ta Scott Bradner ta tsara tun 1997. Ma'aunai irin na sauƙin karatu da Rudolf Flesch ya fitar a 1948, ko ƙidayar umarnin da ke da bayani, suna da arha amma ba su da nauyi. Takarda na iya bayyana kowane umarni da jimla mai santsi ba tare da ta ambaci wanda ke share bayanai ba.

Hanya ta biyu ita ce a gwada misalan da ke cikin jagorar kamar yadda ake gwada manhaja. Python na da doctest, Rust kuma na tayar da misalan da ke cikin bayaninta duk lokacin da aka yi gwaji. Wannan na kama misalin da ya tsufa, amma misalai kusan kullum ranar lafiya suke nunawa.

Hanya ta uku, wadda ta fi kusa da gaskiya, ita ce a sa wakilin kansa ya yi aiki. Ana gina keɓaɓɓen wuri da bayanan gwaji, a rubuta ayyuka irin na yau da kullum, a miƙa masa jagorar, sannan a duba halin da rumbun bayanai ya ƙare a ciki. Ba a dogara da rahoton da wakilin ya bayar, domin yana iya cewa ya gama alhali ya ninka layuka. Gwajin τ-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 haka yake yi: yana kwatanta ƙarshen rumbun da abin da ya kamata ya kasance. Don a san rabon jagorar a cikin nasara, sai a maimaita aikin ba tare da ita ba, sannan da ita, sannan da ita bayan an cire sakin layi guda. Idan cire gargaɗin bai sauya komai ba, ko dai wakilin ba ya karanta shi, ko ya riga ya san abin daga horo.

Wannan sanin na baya babbar matsala ce ga awo. Samfuri na iya sarrafa pandas ko Spark da ka, sai jagora mai rauni ta sami makin da ba nata ba. Masu gwaji suna kauce wa haka ta sauya sunayen umarni a manhajar gwaji da jagorarta, ko ta zaɓar sigar da ta fito bayan an kammala horar da samfurin. Kuma gwajin da bai haɗa da ranar wahala ba bai auna abin da ya sa aka damu ba. Sai an kashe aikin a tsakiya, an cusa layi mai lahani, an mayar da amsar 429 mai cewa buƙatu sun yi yawa, a ga ko jagorar ta sanar da wakili tsawon jiran da zai yi da inda zai ɗora. Saƙon kuskure a nan ɓangare ne na jagora, domin shi ne rubutun da wakili ke karantawa a daidai lokacin da ya fi buƙata. Saƙon da ya faɗi layin da ya lalace da abin da ake tsammani a wurin ya fi dogon shafin da ba za a buɗe ba. Tsayawar wakili ya nemi izinin mutum kafin ya share abu ma ana ƙirga ta cikin nasara.

Nasara sau ɗaya ba ta isa ba, domin aikin kashi-kashi kowane dare ake yin sa. τ-bench ya shigo da ma'aunin da ke tambayar ko wakili zai ci aiki ɗaya a duk gwaje-gwajen da aka jera masa. A sakamakon farko samfurin GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba, kuma a sashen ciniki, cin aiki sau takwas a jere ya gaza 25 cikin 100. Lissafin a bayyane yake: wakilin da ke yin daidai sau 9 cikin 10, idan darare ba su dogara da juna ba, damar ya kammala darare 30 babu kuskure kusan 4 ce cikin 100. Wasu na sa wani samfurin ya karanta jagora ya ba ta maki. Yana da sauri, kuma yana kama gurbin da aka manta, amma ra'ayi ne a kan rubutu, ba shaidar aiki ba. Abin da ba shi da madadi shi ne mutum ya zauna ya karanta tarihin matakan da wakilin ya bi, ya ga jimlar da ta karkatar da shi.

Sababbin siffofi da iyakarsu

A Satumban 2024 Jeremy Howard na Answer.AI ya ba da shawarar fayil mai suna llms.txt, taƙaitaccen rubutu zalla da ke nuna wa samfuri muhimman shafukan jagora. Shawara ce, ba ƙa'idar da wata hukuma ta kafa ba, kuma ba ta gyara abin da shafukan suka ƙunsa. A Nuwamban shekarar Anthropic ya fitar da Model Context Protocol, inda kowane kayan aiki ke gabatar da sunansa, da bayaninsa, da tsarin abin da yake karɓa a JSON Schema. A nan jagorar gaba ɗaya takan zama 'yan layuka, kowace kalma da nauyinta. Gyaran Maris 2025 ya ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya ɓarna, ko maimaita shi ba ya sauya sakamako. Idan ba a sa alama ba, ana ɗaukar kayan a matsayin mai iya ɓarna, wanda shi ne zaɓin da ya dace.

Ƙa'idar Model Context Protocol da kanta ta ce waɗannan alamomi ishara ce kawai, kada a dogara da su idan ba a amince da inda suka fito ba. Dalilin ya fito fili a Afrilun 2025, da masu binciken Invariant Labs suka nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani amma wakili na karantawa ya bi, har ya fitar da fayilolin sirri. Tun daga nan awon jagora ya haɗa da tambayar wane ne ya rubuta ta, da ko an sauya ta bayan an amince da ita.

Akwai kuma gazawar da rubutu ba ya magancewa. A maƙalar da injiniyoyin Anthropic suka wallafa a Disamban 2024 kan gina wakilai, sun ce lokacin da suke shirya wakilinsu don gwajin SWE-bench sun fi ɓata lokaci kan gyara kayan aiki fiye da gyara umarnin da ake bai wa samfurin. Sun lura yana kuskuren adireshin fayil idan ya bar jakar da ya fara aiki a ciki, sai suka sauya kayan ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya gushe. Saboda haka rahoton awo mai kyau yakan raba sakamakonsa biyu: abin da za a gyara a takarda, da abin da za a mayar wa masu ƙera manhajar. A kashi na biyu ake sa buƙatar yanayin gwaji da ke nuna abin da umarni zai yi ba tare da ya yi ba, kamar yadda rsync ke da shi, da ƙidayar layukan da suka shiga da waɗanda suka fita a ƙarshen kowane aiki, da hana asusun da wakili ke aiki da shi izinin share jakar da ba a aike shi kanta ba.